Umarar da Na Yi a Masar

Wauta mafi girma da na tafka ban yi ta da ƙuruciya ba, sai da gemuna ya yi fari fat. Ina da shekara sittin da bakwai na tsaya a ƙofar masallacin unguwarmu a Dangora, bayan sallar la'asar, na ce wa jama'a zan tafi Umara. Aka yi ta sa mini albarka, har da masu riƙe hannuna suna ƙwalla. Alhali ba Makka za ni ba. Masar za ni, asibiti. Kuma ban tsaya na tambayi kowa kwana nawa maganin zai ci ba kafin na zaɓi ƙaryar da zan yi. Da na tambaya, da na ce fatauci za ni wata ƙasa mai nisa. Umara sati biyu ce, kowa ya sani. Magani kuwa ashe sati takwas ne.

Sunana Sule. Dillalin shanu ne ni, shekara arba'in ina zirga-zirga tsakanin kasuwannin Tudun Wada da Doguwa da rugagen bakin dajin Falgore. Boko aji uku na yi aka sallame ni, saboda na yi cinikin akuyar hedimasta da wani baƙo ba tare da hedimasta ya san tana kasuwa ba. Tun daga nan bakina yake ciyar da ni.

Ciwon ya kama ni a wurin da namiji ba ya son a ambata. Akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsara, likita ya ce sunanta furostet, ita ce ciwon daji ya kama. Fitsari ya riƙa yi mini gardama. In na neme shi ya ƙi zuwa, in ina tsakiyar ciniki kuma ya zo ba sallama. Babban ɗana Magaji kaɗai ya sani, don shi ya kai ni asibiti a Kano, kuma na sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarsa. Aka ce gashi za a yi mini da wani inji, layi kuma ya yi tsawo, injin yau ya yi aiki gobe ya tsaya. Magaji ya ce mu tafi Masar. Ni kuma na ce Umara.

Labarin jirgi ba shi da wani daɗi, na bar shi.

Wanda ya tarbe mu a Alƙahira wani ɗan ƙasarmu ne da ya daɗe a can, kowa Ustaz yake ce masa. Shi ne tafinta, shi ne mai nemo masauki. Tun muna gida ya turo wa Magaji hoton ɗaki mai kyau da banɗaki a ciki. Da muka isa sai ga mu a hawa na shida, na'urar hawa benen ta mutu tun kafin a haifi Ustaz, banɗaki kuma yana can ƙarshen baranda, mu da wasu ɗakuna huɗu. Magaji ya fusata. Ni kuwa na tsaya ina kallon Ustaz yadda yake rantsuwa ido ba ƙiftawa, yana cewa wancan ɗakin jiya-jiyan nan aka kama shi. Ni da na sha sayar da tsohuwar saniya da sunan karsana, nan da nan na gane aikin ɗan'uwana dillali. Har raina ya ɗan yaba masa.

Kwana uku da zuwanmu likita ya gama aune-aunensa, ya ce za a riƙa yi mini gashi kullum in ban da Juma'a da Asabar, har sati takwas. Muna fitowa Magaji ya ce, "Baba, sai fa a gaya wa su Inna gaskiya. Babu Umarar wata biyu."

Na ce, "Kai dai ka riƙe rantsuwarka. Dabara ba ta taɓa ƙare mini ba."

Hutunsa na wurin aiki ya ƙare a kwana na shida, ya damƙa ni a hannun Ustaz ya koma. Daga ranar wayar Ustaz ta daina shiga.

Sai na zama ni kaɗai a garin da mutane suka fi tururuwa yawa. Larabcina na salla ne, bai san hanyar banɗaki ba, bai san kuɗin mota ba. Abinci wake da burodi da safe, da rana ma wake ya sake riga ya dawo. Na riƙa tuna tuwon masara da miyar kuka, da furar da matan ruga suke dama mini in na je ganin shanu, da ƙamshin turken kasuwa bayan an yi yayyafi, wanda da ina ganin wari ne. Sanyin garin ma daban yake, ta ƙasan tayil yake shigowa ya kama mutum a gwiwa.

Akwai wani tsoho mai gadin gidan, ban taɓa sanin sunansa ba, Ammu nake ce masa don na ji haka yara suke kiransa. Ya ga yadda nake tsayawa a tsakiyar bene ina haki, na dafe mara. Washegari na tarar da kujerar roba a hawa na uku, an ajiye ta a lungu. Bayan kwana biyu kuma ya tare ni a ƙofa, ya danƙa mini wani ɗan mabuɗi, ya nuna mini wata ƙofa a ƙarƙashin bene. Banɗakinsa ne. Na dafa ƙirjina, ya dafa nasa.

A asibiti kuwa ga yadda aikin yake. Kafin a shigar da mutum ɗakin injin, sai ya sha ruwa gora guda, ya zauna ya riƙe fitsarin kamar minti arba'in, don in mafitsara ta cika takan ɗaga hanji sama, wutar ba za ta taɓa inda ba a aike ta ba. An yi mini wannan bayani tun Magaji yana nan, kuma na ji sarai. Amma wadda take kwantar da mutane a kan injin wata yarinya ce sa'ar jikata. Na ce a raina, ni Sule in cika mara da ruwa in kwanta a gaban yarinyar nan, in abin ya kubce fa? Sai na koma dabara. A barandar da ake jira akwai wata shuka a tukunya. In an miƙo mini gora, sai in kai baki kamar mai sha, in faki ido in tuttule wa shukar. Sannan in lallaɓa banɗaki in sauke ɗan abin da ya rage.

Ashe injin yana ganin cikin mutum kafin ya fara aiki. Yarinyar ta duba allonta, ta dube ni, ta yi ta magana da Larabci tana nuna gora, ta fito da ni. Ranar ba a yi gashin ba. Washegari ma haka. Na fara cewa a raina ai ga dalili, Larabawa sun ƙi ni, sai in koma gida da mutuncina.

Rana ta uku ina cikin shayar da shukata sai na ji murya a bayana da Hausa tsantsa.

"Bakano, ita za a gasa ko kai?"

Na juya. Wani dattijo ne baƙi siriri a kan benci, da tabarau, sanduna biyu na ƙarfe a jingine a gefensa.

Na ce, "Wa ya ce maka ni Bakano ne?"

Ya ce, "Na ji ka a waya jiya kana yi wa wani ƙarya. Ga hula, ga ƙarya, ai ba sai an tambaya ba. Kwana uku muna kallonka. Shukar nan ta fi kowa samun sauƙi a asibitin nan."

Daga jin harshensa na san mutumin Zariya ne. Kanawa da Zazzagawa kuwa abokan wasa ne tun kakanni, duk abin da Bazazzagi ya gaya mini ba ni da ikon fushi, sai dai in rama. Na ce, "Ashe bayina sun riga ni zuwa. Wa ya ba ka izinin barin gona?"

Ya yi dariya har tabarau ya zame. Ya ce, "Zo ka zauna, bawana. Tsoron jiƙa wando kake yi, ko? Duk wanda ka gani a kan bencin nan ya jiƙa. Ni sau huɗu."

Da wani ne ya faɗa mini wannan maganar, ko ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, da mun rabu ke nan. Amma daga bakin Bazazzagi ta fito, sai ta shige ni kamar wasa. Na zauna.

Sunansa Malam Tanimu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Shi ne shugaban abin da suke kira Majalisar Gora. Ba wanda ya naɗa shi, ya dai fi kowa daɗewa ne. Su shida ne a lokacin, duk dattawa masu irin ciwona, daga ƙasarmu da Nijar da Kamaru, da wani ɗan Sudan da Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba amma kullum yana nan. Sun roƙi ma'aikatan asibiti aka jera musu lokaci ɗaya da safe. Tare suke buɗe gora, Malam Tanimu ya duba agogo ya ce bismillah, a sha tare, sannan a yi hira har a fara kira. Suna da doka guda: in saura minti goma a shiga, ba a ba da dariya. Duk wanda ya ba da dariya a wannan lokacin shi zai sayi shayin kowa. Suna kuma da wata jaka baƙa a ƙarƙashin benci, wanduna ne wankakku a ciki, na kowa da kowa.

Ranar na shanye gorata tas a gabansu. Yarinyar ta duba allo, ta ɗaga mini babban yatsa. Gashin kansa ko zafi babu, injin ya yi ta kewaya ni yana ƙugi kamar mai neman inda zai sa hannu a ciniki, minti kaɗan aka ce in tashi.

Abin da nake tsoro ya faru a sati na biyu. An yi jinkirin kirana, wanda ke gabana ya daɗe a ciki. Na matse, na karanta duk abin da na haddace, ina ji ina gani abin ya kubce, a kan benci, mata suna wucewa. Kusa da ni akwai Modibbo Buba, wani Bafulatani mai shanu daga Kamaru, mutum mai karatu da ƙarancin magana. Bai ko dube ni ba. Ya zare bargon da ke kafaɗarsa ya shimfiɗa mini a cinya, ya ci gaba da jan carbinsa. Ɗan Nijar ya tura jakar da ƙafa har ta taɓa tawa. Malam Tanimu ya tashi da sandunansa ya je ya yi wa yarinyar bayani da Turanci, aka mayar da ni ƙarshen layi, aka kawo wata gorar. Da na dawo daga sauya wando, ya ce, "To, yau ka zama ɗan majalisa. Da can ɗan kallo ne kai."

A bencin nan na ji maganganun da ban taɓa jin namiji ya furta ba. Yadda allurar da ake mana take sa zufa ta keto wa mutum ana tsananin sanyi. Yadda take kwantar da sha'awa, mutum ya zama kamar wa da ƙanwa shi da iyalinsa. Ana faɗa ana dariya. Ni ma har na faɗi abin da ya fi ci mini rai, cewa na fi shekara ina tsayawa a sahun baya a masallaci kusa da ƙofa, kuma ina zargin sallolina duk ba su karɓu ba saboda ɗigon da ba na iya tsarewa. Modibbo Buba ya ce, "Wa ya gaya maka? Mai lalura irin tamu yana da sauƙi a shari'a. Ka yi tsarki, ka sa ƙyalle, ka yi alwala, ka yi sallarka. Abin da ya fito bayan nan ba da ikonka ba ne. Ka tambayi malamin garinku in ka koma, zai gaya maka haka." Na ce ai tambayar ce ban iya ba. Ya ce, "Shekara guda kana wahala a kan abin da amsarsa ba ta kai tsawon gaisuwa ba."

Duk wannan ana yi, waya daga gida ba ta fasa shigowa ba. Da yake ta intanet ake kira, lambata ta gida suke gani, ba wanda ya san inda nake. Wannan ya ce in juya kyamara ya ga Ka'aba, in ce kyamarar ta fashe. Wancan ya ce wane otal nake, in ce sunan da Larabci yake. Mai ɗakina takan kira bayan azahar, ta tambayi abin da na ci, ta ce in riƙa rufe ƙirjina. Wanda ya fi damuna saƙon wata maƙwabciyarmu ne, bazawara, da ta ce in roƙa wa ɗanta mai farfaɗiya lafiya a gaban ɗakin Allah. Na roƙa masa, Allah ya sani, kullum. Amma a barandar asibiti na roƙa, da gora a hannu.

A kwana na ashirin da biyu aminina ya kira ni daga kasuwar Tudun Wada. Ya ce Alhaji Ado na Ba'awa, wanda ya tafi Umara sati ɗaya da ni, ya dawo tun shekaranjiya, kuma yana cewa ya duba ni a Makka ya duba a Madina bai gan ni ba. Ya ce wasu sun fara cewa na ɓuya ne a can zan yi zaman neman kuɗi, wasu kuma sun ce an kama ni. Na yi dariya na ce Makka ai ba kasuwar Doguwa ba ce da za a ga kowa. Da na ajiye wayar sai na ga dabara ta ƙare.

Na yanke shawara zan koma. Na ce ai na sha gashi goma sha ɗaya, fitsarin ma ya fara sakina, sauran Allah zai ƙarasa. Na sami wani ofishin tikiti inda ake jin Hausa kaɗan, aka ce akwai wuri ranar Litinin. Na shiga kasuwa na sayi dabino da carbi da 'yan darduma, tsarabar mai dawowa daga Umara. Saura zamzam. Na sayi 'yar jarka fara, na hau sama, na tsaya da ita a gaban famfon baranda. Na daɗe a tsaye. Na tuna bazawarar nan za ta zo da kofi ta karɓa ta ba ɗanta. A rayuwata na shafa wa saniya mai don ta yi sheƙi, na ɗura wa sa ruwan kanwa don ya yi ciki, amma ranar hannuna ya ƙi murɗa famfon. Na ajiye jarkar ba komai a ciki, na ce zan ce an ƙwace a filin jirgi.

Duk Juma'a bayan masallaci majalisa takan haɗu a masaukin Malam Tanimu. Shi da matarsa ya zo, Hajiya, kuma ta taho da kuka da daddawa da garin masara daga gida. Ita take tuƙa mana tuwo. Al'adarsu in an ci an wanke hannu, kowa ya faɗi yadda satin ya yi da shi, ba a katse mutum har ya gama. Na je da niyyar sallama. Da layi ya zo kaina na ba su labarin Umara tun daga ƙofar masallaci har jarka, na ce Litinin zan tafi.

Ɗan Nijar ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya bari.

Malam Tanimu ya ce, "Ikon Allah. Bakano zai kashe kansa don kada a ce ya yi ƙarya. Kai da ƙarya ce sana'arka? Akwai wanda bai sani ba daga Kiru har Doguwa?"

Na ce, "Wannan daban ce. In na faɗi gaskiya sai an tambayi ciwon mene ne. In shiga kasuwa yara suna nuna ni, ga dillalin da ba ya riƙe fitsari?"

Ya ɗauki sandarsa ɗaya ya ɗora a cinya. Ya ce, "Ni shekara uku ina sayen maganin basir da na sanyin mara a wurin masu mota da lasifika. In aika yaro ya sayo, in ce na maƙwabci ne. Hajiya ta yi ta fama in je asibiti, ina ce mata lafiyata ƙalau. Da na je, ya riga ya shiga ƙashin baya. Gashin da ake mini yanzu na rage ciwo ne, ba irin naka ba ne. Naka likita ya ce yana wuri ɗaya, ko ba haka ka ce ba?"

Na ce haka ne.

Ya ce, "To ni da za a sayar mini da matsayinka, da na saya, har da jiƙa wandon a tsakiyar kasuwa."

Can Modibbo Buba ya gyara zama ya ce, "Dillali, in tambaye ka. Saniya ta kamu da ciwo, malamin dabbobi ya rubuta allura bakwai, mai ita ya yi uku, ya ga ta miƙe tana cin ciyawa, ya kawo maka ita kasuwa. Yaya kake sayenta?"

Ban yi tunani ba, bakina ya riga ni. Na ce, "Kuɗin fata. Ciwon yana nan kwance, in ya tashi kuma allura ba ta jinsa."

Ya ce, "To." Ya koma kan carbinsa.

Hajiya tana kwashe kwanuka, duk ta ji. Ta ce, "Malam Sule, ka yi mini haƙuri in sa baki. Mutanen gari ba su ne abin ji ba, kwana uku za su yi su kama wata maganar. Baiwar Allahn da ke gida ita ce. Ga baranda can, ba kowa."

Na fita barandar da waya. Ƙasa motoci suna ta ihu, wata mata a gidan da ke fuskantarmu tana shanya. Na kira. Mai ɗakina ta ɗauka, muka gaisa, ta tambayi ibada. Na ce mata ba ibada nake ba. Na faɗa mata ƙasar da nake, da sunan ciwon, da inda yake, da cewa saura sati biyar da 'yan kwanaki. Na shirya jin salati da kuka. Sai ta ce, "To. Allah ya sa kaffara ne. Kada ka taho sai sun ce ka taho. Kana samun abin ci?"

Na ce yanzu na tashi daga tuwo. Ta ce madalla. Har na ɗan ji haushi da abin bai girgiza ta ba.

Litinin ta zo ta same ni a kan benci da gora. Dabinon majalisa ta cinye shi.

Sauran makonnin ba su zo da sauƙi ba. Gashin ya fara nuna kansa, ga zawo, ga zafin fitsari kamar an zuba barkono, ga gajiyar da ko kujerar Ammu ba ta isa ba, sai da ya ƙara wata a hawa na biyar. Modibbo Buba ya gama nasa ya tafi, ya bar mini bargon. Sababbi suka zo. Wata safiya na kama wani Bakatsine yana leƙen shukar nan da gora a hannu, na ce masa ta ƙoshi, ni na yi renonta. Ranar da na gama, yarinyar injin ta ba ni alewa guda. Malam Tanimu ya raka ni har bakin titi da sandunansa, ya ce in na isa in gaya wa Kanawa ya 'yanta ni.

Na dawo Dangora ba jarka. Na tsaya inda na yi ƙaryar, bayan la'asar, na warware ta. Na faɗi sunan ciwon da bakina. Hajiya ta yi kuskuren lissafi, ba kwana uku aka yi ba, har yau a kasuwar Tudun Wada Alhajin Fir'auna ake ce mini, kuma ina amsawa. Bazawarar na je har gida na ba ta haƙuri, ta ce addu'a ai ba ta ɓata hanya.

Abin da ban zata ba shi ne masu zuwa tambayar farashin shanu. Dattijo ya zo har gida, mutumin da ko akuya ba shi da ita, ya tambayi yadda bijimai suke a Doguwa, ya yi ta kewaye-kewaye, sai zai tashi ya rage murya ya ce, wai shi wannan abin, da yaya ya fara maka? Yanzu mu bakwai ne. Muna zama ranar Laraba da hantsi a ƙarƙashin mangwaron bayan gidana. Uku sun je an auna su, ɗaya ba daji ba ne, kumburi ne kawai, biyu suna karɓar magani a Kano. Ni kuma duk wata uku ake ɗibar jinina, likita ya ce ya zuwa yanzu shiru. Ba mu da Bazazzagi, shi ya sa maganar takan yi nauyin fitowa. Sai in fara ba da labarin ranar da na jiƙa benci.

Malam Tanimu ya rasu bayan babbar salla, a gidansa. Na je Zariya gaisuwa na kwana biyu. Da na dawo na tarar da mai ɗakina a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na zauna a kan turmi ina ba ta labarinsa, wanda ta riga ta ji ya fi sau ashirin. Na ce mata mutumin nan shi ya tsamo ni. Na ce in ban da Magaji da likita, shi ne mutum na farko a duniya da ya san abin da ke damuna, don shekara biyu na yi ina ɓoyewa ko ƙuda bai sani ba.

Ba ta ɗago ba. Ta watsa ɓawon a kwando ta ɗebo wata gyaɗar.

Ta ce, "Malam, shekara biyun nan ni nake wanke wandunanka, in shanya su a bayan rumbu don kada surukai su gani. Kullum ina cewa yau zai gaya mini. Sai da ka haye teku ka gaya wa Bazazzagi tukuna."